Wanzami Ba Ya Son Jarfa

Shekara bakwai muna gina wa mutane gidaje a iska,
hawa na uku, Yaba, saman shagon masu buga katin biki.
Mun yi wa mai leshi ta Balogun,
mun yi wa asibitin haƙori a Surulere,
har mai kiwon tarwaɗa a Ikorodu
yana da shafin da kifi ke motsi in ka taɓa.
Namu kuwa?
Wanzami ba ya son jarfa.

Ran Talata wata mata ta hawo bene tana haki,
ta ce, "Lambar da kuka sa,
wani mai gyaran fanka ne ya ɗauka."
Oga Gbenro ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.
Tana fita ya haska shafin a bango,
muka yi cirko-cirko kamar masu kallon hoton firamare:
ga Obiageli da kitson da ta manta ta taɓa yi,
ga kujerar da ta karye tun zamanin kulle,
ga alkawari can ƙasa, "Sabbin ayyuka na nan tafe."
Shekara huɗu suna tafe.
Ko cunkoson Oshodi ya fi su sauri.

Sai gardama.
Morenike na son shuɗi, irin na ruwa ƙarƙashin doguwar gada da hantsi.
Na ce kore.
Oga ya ce fari, wai fari ba ya tsufa.
Mako biyu kan launi guda,
mu da muke ce wa masu kawo aiki, "Ku yanke mana, rana na yi."
Janareta ya sha man dubu arba'in yana sauraronmu.

Gurbin da aka ce "Su wane ne mu"
ya kwana tara ba harafi.
Kambama wani ba wuya,
amma yabon kai jahilci, in ji mutanenmu,
kuma shiru ba ya biyan haya a Legas.

Ni aka ba rushe tsohon ginin.
Daren Alhamis, kowa ya watse, ruwa na dukan kwano,
na shiga bayan labule, cikin rubutun da baƙo ba ya gani.
A layi na ɗari uku da goma sha biyu
na tarar da Tanimu.
Da Hausa ya rubuta, a tsakiyar yaren na'ura:
"Kar a taɓa nan. Ni ma ban san dalilin da yake aiki ba."

Tanimu da ya ɗora harsashin nan a ɗaki guda, Idi-Araba,
kwamfuta bisa kifaffen bokiti,
sauro na karɓar nasa kason.
Tanimu da muka rufe a Agege, damina uku ke nan.
Na yi dariya ni kaɗai
har dariyar ta canza hanya.

Na share hotuna. Na share lambar mai fanka.
Na share alkawari.
Layin nan kuwa na ɗauke shi kamar ƙwai a tafin hannu,
na kai shi sabon gida,
na ajiye inda ba ya aikin komai,
inda sai wanda zai rushe namu wata rana
zai yi tuntuɓe da shi.

Fari ya ci, ba sai an faɗa ba.

Da safe muka sauka wurin Ɗan'azumi mai shayi,
wayarsa mai tsagaggen gilashi, sabis sanda ɗaya.
In ya buɗe a nan, ko'ina zai buɗe.
Ya buɗe kafin ƙwai ya soyu.
Ɗan'azumi ya goge yatsa a riga,
ya ja sama, ya ja ƙasa, ya sake ja,
ya ce, "Kai, ya yi kyau.
To amma me kuke sayarwa?"

Wani danfo ya wuce yana kiran Ojuelegba.
Oga ya dube ni, na dubi Morenike.
Muka bar shayin yana huci,
muka sake hawa bene.