Tsagar Kawu Nomau

A filin jirgin Ambursa, da hantsi,
na riƙe wa Kawu Nomau jaka.
Likitan ido ke jiransa a Legas.

Yarinyar bayan gilashi ta ce,
"Baba, katin shaida."
Ya gyara hula, ya juya mata kunci:
"Ga shi, ɗiyata, karanta.
Wanzamin Gulma ya rubuta da aska
tun ina cikin tsumma.
Da shi na ƙetare Kamba har Gaya,
ba wanda ya ce mini ɗan wane ne."

"Na'ura ba ta karanta tsaga, Baba."

Na zazzage aljihun 'yar shara:
ɓarin goro, rasiɗin taki,
can ƙasa, cikin ledar gishiri,
katin zaɓen da ruwan fadama ya jiƙa.
Hoton ya koɗe, sunan kuwa Usmanu.
Nomau na tikiti, Usmanu na hukuma.

Aka kira babba. Mai kaki ya zo,
ya daɗe yana kallon tsagar,
sannan ya shafa nasa kuncin, sumul.
"Irin ta kakana ce," in ji shi,
"amma sai an gyara sunan."

Jirgi ya tashi muna kan benci.
Kawu ya raka ƙararsa da kunne.
"Shekara saba'in ina amsa Nomau,
ashe takarda ba ta taɓa jin labarina ba.
Tashi, yaro,
mu nemo Usmanun nan kafin Laraba."