Babu Gyara

A allon sanarwa na Tsangayar Kimiyya
an manna takardu shida, zafi ya nannaɗe kunnuwansu.
Na bi layi da yatsa. A nan ba mu da suna,
lamba gare mu,
kamar buhunan albasa masu jiran tirela.

Uku da ɗigo tara da huɗu.
Ana neman huɗu cif.
Na sake lissafi da biro a tafin hannuna,
na tara, na raba, na sake tarawa,
gumi ya cinye lambobin,
abin da ya ɓace bai fito ba.

Kemistiri ce ta kā da ni.
Ranar gwaji ruwan kwalba ya ƙi juyawa,
na ɗiga, na ɗiga, hannu na rawa don ban karya ba,
sai ɗigo ɗaya ya zarce, ruwa ya yi jawur.
Dakta Sidi bai ɗaga murya ba.
Ya ce, wanda zai auna wa jariri magani
ba a yafe masa ɗigo.
Na tsane shi mako biyu.
Har yau ban sami amsar da zan ba shi ba.

Shekara guda ina kwana kan benci a aji,
sauron fadamar Dundaye ya san jinina fiye da uwata.
A bazara, fanka ta mutu,
nakan jiƙa rigata a famfo in mayar,
kafin in gama babi ɗaya ta bushe.
Garin kwaki, ƙuli-ƙuli, ruwa.
Na haddace ƙasusuwan hannu tun ba a tambaye ni ba.

Marwana ɗan baffana, can wata jami'a mai nisa,
huɗu da ɗigo shida.
Tare muka yi sakandare, ni nake yi masa lissafi.
Ya ɗinka farar riga, ya turo hoto,
na rubuta masa barka da motsin rai har uku.
Ana cewa matsakaicin makinmu ya fi babban makinsu nauyi.
Na duba fom gaba da baya,
babu gurbin da ake rubuta nauyi.

Na sauka a gadar Kwalkwalawa da la'asar,
masu kifi na kiran ciniki, Rima ta ja baya.
Inna ta hango ni daga bakin zaure:
Likita ya taho!
Tun bara ta ajiye mini ciwon gwiwarta,
ta ce zai jira shekara shida, ba ya sauri.
Na gaishe ta, na ce bari in duba Baba.

Yana duƙe cikin fangali, ruwa har idon sawu.
Ya dube ni sau ɗaya. Mi yah hwaru?
Na faɗa masa.
Nawa yar rage?
Na ce kaɗan, bai kai ƙwayar gero ba.
Ya miƙe da ƙyar, ya dafe ƙugu.
To ba su gyara?
Ni ko tiya guda nis sai da, sai na ɗora biyu bisa.

Na ce, Baba, can babu gyara.

Ya yi shiru, injin ban ruwa na tari.
Sannan ya nuna irin da ke hannunsa,
ya ce albasa ba ta yin kai inda aka yafa ta,
sai an tumɓuke ta an dasa wani wuri.
Ban ce komai ba.
Na taso a gonar nan, na sha ganin dashen da bai kama ba.

Sun ba ni Ilimin Ƙananan Halittu.
Rajista ran Litinin. Fom ɗin jarrabawar shiga kuma
ana rufe shi ƙarshen wata, kuɗin ɗaya ke aljihuna.
Na naɗe ƙafar wando, na karɓi rabin irin.
Daga gida ina jin Inna
tana gaya wa maƙwabciya cewa na dawo.