Lissafi a Bayan Takarda

Takardar ta iso ranar Laraba:
an ba ni gurbi a Alƙahira, in koyo haɗa magani.
Na juya bayanta, na fiƙe fensir,
don gurbi ba ya sayen kujerar jirgi.

Layin farko, hukumar tallafin karatu.
Na cike fom, na manna hoto huɗu,
masinja ya ce in dawo jibi.
Jibin nan ta cinye wata biyar,
takalmina ya haddace matakalar ofishin.

Na biyu, filin Baba na hanyar Batagarawa,
wanda ya saya da kuɗin sallamarsa daga gidan ruwa.
Dillali ya auna da taku, ya taya.
Baba ya dubi dalbejiyar da ya dasa a kusurwa,
ya ce albarka.
Bayan isha'i ya kira shi a waya, ya ce ya sallama,
bai ci tuwo ba daren nan.

Goggo Marka ta kwashi adashe a Rajab.
Injin markaɗe ta so saye.
Ta tura min ƙullin leda ƙarƙashin tabarma,
ta ce in na faɗa wa kowa ba ta yafe ba.

Banki ya ce zai ranta, da ruwa a kai.
Kawu Safiyanu ya ce ruwan nan ba ya alwala.
Na soke layin.

Mai neman kujera ya ce in bar lambata.
Na bari. Tana can.

Jami'ar ta ce za ta yafe rabi
in makina ya kai inda take so,
shi ya sa da rana nake gyaran waya a Ƙofar Ƙaura,
da dare in bi littafi da fitilar mai shayi
har ya kife kofunansa.

Jiya na kai naira cike da jaka wurin 'yan canji,
na fito da abin da bai kumbura aljihu ba.
Dala kuwa kullum sai ta ƙara taku,
kamar mai hawan giginya da ba ya waiwayen ƙasa.

Saura ɗari huɗu da goma.
Fensir ya gajarce, bayan takarda ya cika.
Inna ba ta tambayi jimla ba.
Ta dai tambaya ko ana samun kuka a can,
na ce ban sani ba.
Ga ta can tsakar gida, ta fara daka.