Wuƙa Biyu a Wallo

Ranar arba'in ɗin kakata Tiruwark
shanu biyu aka ɗaure gindin itacen turare.
Kawu Endris ya wasa wuƙarsa,
ya juya wuyan sansa arewa, can alƙiblarmu take,
ya ce bisimilla.
Kawu Asfaw ya wasa tasa a kan wannan dutsen dai,
ya ambaci Uba da Ɗa da Ruhu.
Ciki ɗaya ya haife su, nono ɗaya ya yaye su,
amma rabonsu da cin nama a akushi ɗaya
tun ban zo duniya ba.

Tukwane biyu, murhu biyu, ludayi biyu.
An ɗaura wa na Kiristoci jan ƙyalle a mariƙi,
aka ce da ni, shekarata tara,
ke ce mai tsaron iyaka.

Ƙarƙashin rumfa tsofaffi na tonon tsohon miki.
Shehi ya ce, a tuna shekarar shela,
da aka ce kowa ya shiga kogi ko ya bar gonarsa.
Kakan kakanmu Yimam ya shiga da sunansa,
ya fito da wani, da zare a wuya,
da dare kuma ya tono allonsa a bayan rumbu.
Limamin coci ya gyara farin mayafi, ya ce haka ne,
amma a ƙara ja baya kaɗan,
a tuna mahayan da suka hauro daga gabas,
da majami'un da suka kwana uku suna ci,
da littattafan fata da aka ɓoye a kogo
har jemagu suka haddace su.
Kowa da gawarsa a kafaɗa.
Ba wanda ya ce wa wani ƙarya kake.

Sai aka fito da akwatin marigayiya,
wai a raba gardamar ko ta wa ce.
Ga zaren wuya ya koɗe,
ga carbi ya ƙulle a jikinsa, ƙullin shekaru,
farce bai kwance shi ba.
Endris ya ce a yanka. Asfaw ya ce, da wuƙar wa?
Dariya ta kuɓuce musu, irin mai zuwa da hawaye.

Ni kuwa ina can, hayaƙi ya cika min ido,
jan ƙyallen ya zame, wuta ta lashe shi.
Na tsaya da ludayi biyu a hannu, masu kama ɗaya,
ban san na Annabi Isa ba, ban san na Ma'aiki ba.
Na juya wannan, na juya waccan,
na zuba romo a kan injera, na kai.

Suka ci, suka suɗe yatsu.
Shehi ya sa albarka, limamin ya sa tasa.
Ina jiran ƙasa ta tsage, ba ta tsage ba,
ruwa ma aka yi da la'asar.

Da aka dafa gahawa, ita da ba a yanka ta,
buta ɗaya ta zaga rumfar sau uku.

Yau shekara hamsin da ɗaya.
Endris na kwance gabas da hanya, Asfaw na harabar coci.
Ban taɓa faɗa musu ba.
Har yanzu in na ɗauki ludayi
sai na duba mariƙinsa.