Ga Keziya, Ranar da Ta Kwashi Adashi

Keziya, jaka goma sha biyar a haɓar zane,
tun daga bakin majami'a har ƙofar gida
hannunki bai bar ƙugu ba.

Zauna. Kada ki ce sabulu
don matar Barnaba ta yi rufin kwano da shi.
Ni na bi sawunta, shekarar da Binuwai ta shiga gonaki.
Soda ta sale mini yatsu,
sabulun ya ƙi daskarewa,
da asarata na yi ta wanki har Kirsimeti.

Tambayi hannunki abin da ya riga ya sani.
Wa ke suyar gyaɗa a Pitowa kamar ke?
Mai a kwalba, ƙuli a faranti,
ɓawon ma awakinki sa gode.

Ki faɗa wa Ishaya kafin ya ji a bakin mai niƙa.
Ku durƙusa tare,
sannan ki nuna masa gwangwani biyu:
wannan uwar kuɗi ce, ba ta zuwa cefane
ko da miya za ta kwana lami.

Na Ubangiji ki ware da sassafe,
kafin ido ya saba da shi.
Kar ki surka manki da na auduga.
'Yar zumunta ta nemi bashi? Yi murmushi,
amma ki rubuta.

Kasuwarmu ran Lahadi take ci, na sani.
Shekara tara ina jiyo ta daga bencin mawaƙa.
Sai an sa albarka ki fita,
mai son man kirki yana nan ƙarƙashin darbejiya.

Fara da tiya uku.
Anjima zan aiko miki da kaskona.