Fadamar Ɗantani

A Yangoji, kafin ka kai Abaji,
nan fadamar Ɗantani take, mahaifina,
gefe shinkafa, gefe gwaza,
ɗorawa uku ce iyaka, ba a taɓa gardama ba.

Shekarar da ya rasu kamfani ya zo
da takarda da katafila.
Mu bakwai muka dangwala yatsa,
kuɗin bai ga damina biyu ba.

Yanzu ni ke sara a inda na yi rarrafe.
Layi-layi, kore iya ganin ido,
kowane nono an sa masa rigar leda shuɗiya,
ni ko takalmin roba ban samu ba.

Tsakani da Allah, an ci moriya:
kwanon rufin ɗakina daga nan ya fito,
Asabe ta kai aji huɗu,
albashi na zuwa ko sama ba ta zubar ba.

Amma injin ban ruwa ba ya barci.
Rafi ya rame, ya koma zare.
Shekwolo ya rataye komarsa a bango,
ga shi can yana gadin ƙofa,
bai ce da kowa komai ba.

Ranar feshi mukan ɗaure hanci da tsumma.
Kwaɗi sun daina kiɗan dare,
ƙudan zuma sun yi ƙaura,
matata na sayen daddawa ƙulli-ƙulli,
abin da gidanmu bai saba ba.

Da asuba tirela ke kwasa, ɗanya shar,
a turara ta ta nuna a Zuba,
ta kwana Maitama a kan faranti.
Mai tabo ake bar mana,
ita ce rabonmu a riba.

Bana wata cuta ta shiga ganye,
rawaya, sai baƙi, layi bayan layi.
Duk tsatso ɗaya ne, tari ɗaya ke kayar da su.
Manaja ya fara zancen wani fili a gaba.

Uwar ayaba sau ɗaya take haihuwa.
In ta ba da nono sai in sa mata adda,
ta faɗi, ruwa na tsiyaya daga wuyanta,
'yarta na tsaye a gindi tana duba.

Jiya Asabe ta tambaye ni kamannin ɗorawa,
wai malaminsu ya ce a zano.
Na ɗauki tsinke, na durƙusa a tsakar gida,
na daɗe a durƙushe,
ban tuna ta ina reshen ke fara rabuwa ba.