Ƙugiya

Shagona na bayan layin masu kati a Mabera:
kwamfuta biyu, ɗaya ta mutu tun azumi,
firinta mai tari kamar tsohuwar akuya,
da fanka mai juya zafin Sakkwato ba ta rage shi ba.

Malam Jabbi ya shigo da hantsi,
littafi a hammata, gefensa ya sha maiƙo.
Tarihin mahaifinsa ne, majemi,
wanda bagaruwa ta rine wa hannu har kabari.
Shafi arba'in da ɗaya, da shuɗin biro.
"Ɗiyata, jikoki ba su gane hannuna.
Sa muna shi ga injin."

Kwana uku ina bugawa.
Na san warin kwatarniyar jima ban taɓa zuwa ba,
na san ranar da ruwa ya ci fatu saba'in,
tsohon ya ce alhamdu lillahi, ya nemi tuwo.

Ran na huɗu tawada ta ƙare.
Na kai filashi shagon Modi, tsallaken titi.
Takarda ta fito da ɗuminta,
sai ga shafi ya yi agana:
ko'ina ƙ take, akwati,
ko'ina ɗ take, akwati,
ɓ ma ta shige ɗaki ta ja ƙofa.
Ƙananan gidaje marasa taga
jere cikin rayuwar mutum.

Modi ya ce, "Ke dai cire lanƙwasar nan,
kowa haka shika yi, ana ganewa."
Na gwada layi ɗaya don in gani.
Malam ya sa tabarau ya karanta a hankali,
inda ya rubuta Baba bai taɓa faɗa da baƙi ba.
Ya ɗago kai.
"Wace taba? Wace fada?
Ubana bai sha ba, bai kuma yi fadanci ba.
Kuma bakin wa anka sa ciki?"

Na koma na sauya salon haruffa.
Akwatunan suka buɗe, amma abin da ya fito
baƙi ne cikin rigar aro:
ƙ ta fi 'yan'uwanta tsawo, siririya,
tana tura layi sama kamar mai ɗaukar kaya a ƙofa.
Layin da ke da ita ya yi nesa da maƙwabcinsa,
wanda babu ita ya matse.
Na daidaita gefe da gefe,
sai kalmomi suka yi gaba da juna,
fili ya ratsa shafin tun sama har ƙasa
kamar gulbin Rima ya ratsa fadama.
Arba'in da ɗaya ya koma hamsin da uku,
addu'ar ƙarshe ta faɗa shafi ita kaɗai,
marainiya.

Aka ɗauke wuta.
Na ja janareto sau shida kafin ya amsa.
Malam yana kan benci, bai ce uffan ba,
sai tazbaha ke tafiya.

Bayan la'asar na samo shi,
wani salo can ƙasan jeri, ban taɓa kula shi ba,
wanda maƙerinsa, ko a wace ƙasa yake,
ya tuna akwai masu magana daga maƙoshi.
Na shafe rubutun duka, na danna.
Layuka suka sauko suka zauna
kafaɗa da kafaɗa kamar sahu.
Na ƙayyade tazara da hannuna,
na kulle shi yadda injin Modi ba zai taɓa ba.

Malam ya bi shafi da yatsa,
yana tsayawa kan kowace ƙugiya
kamar mai duba ɗinkin jaka.
A shafi na tara ya daɗe.
Na ɗauka kuskure ne, na miƙo hannu.
Ya ce, "A'a. Nan na yab bar ni in riƙa wuƙa."

Ya biya, ya ƙara ɗari biyu, na ƙi, ya aje.
A bakin ƙofa ya juyo:
"Na uwata na nan, ya hi wanga tsawo.
Kada ki bari harafin nan shi ɓace."